Perilupos: kalmar da Yesu ya faɗa a Getsamani

Tambaya: Mijina ya rasu wata biyar ke nan. Wata a zumuntar mata ta ce mini yawan baƙin cikin da nake yi alamar raunin bangaskiya ne. Amma na karanta cewa Yesu ma ya yi baƙin ciki a Getsamani, na kuma taɓa jin wani mai wa'azi ya ce kalmar Helenancin da ke wurin tana nufin baƙin ciki ya kewaye mutum ta ko'ina. Wace kalma ce, kuma me take nufi da gaske?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da rashi, sannu da haƙuri. Allah ya ta'azantar da ke da yaran gidan.

Kalmar da kike tambaya a kai ita ce perilupos. Tana cikin Markus 14:34 da Matiyu 26:38, kuma jimlar iri ɗaya ce a wuraren biyu: perilupos estin he psuke mu heos tanatu. In na juya miki ita kalma bayan kalma, cewa ya yi: mai tsananin baƙin ciki ne raina, har ga mutuwa. Fassarar ayoyin da zan kawo a nan tawa ce daga Helenancin, don haka kada ki yi mamaki in ta ɗan bambanta da lafazin Littafi Mai Tsarkin da ke hannunki.

Kalmar gaɓa biyu ce. Lupe shi ne ciwo, na jiki ko na zuciya, amma galibi na zuciya. Peri kuwa in yana tsaye shi kaɗai ma'anarsa kewaye. Daga nan mai wa'azin nan ya samo hotonsa, kuma hoton ba laifi ba ne, yana da kyau a bagade. Sai dai ina koya wa ɗalibaina su yi hattara da irin wannan fasa kalma. Helenawa suna manna peri a gaban siffa don ƙara mata ƙarfi kawai. Suna cewa perikares ga mai matuƙar murna, perifobos ga wanda tsoro ya cika shi, perikalles ga kyakkyawa ta gaske. Mai jin Helenanci a zamanin Markus, in ya ji perilupos, abin da zai fahimta shi ne baƙin ciki matuƙa, wanda ya kai maƙura. Mu ma haka muke da harshenmu. In kika ce kina baƙin ciki, ba wanda zai zaci launin cikinki kike nufi, kamar yadda mai farin jini jininsa ja ne irin na kowa. Asalin kalma yana ba da haske, amma yadda masu harshen suke amfani da ita shi ne ma'anarta.

Saboda haka hanyar da ta fi ita ce mu bi kalmar duk inda ta fito. Ba ta da yawa. A Sabon Alkawari gaba ɗaya sau huɗu ne tabbatattu, da na biyar a Luka 18:24 wanda wasu tsofaffin kwafe-kwafen hannu suke da shi, wasu ba su da shi. Biyu na Yesu ne. Sauran sun faɗa kan mutanen da ba za ki so a haɗa su da shi ba.

Na farko Hirudus Antibas ne, a Markus 6:26. Ya yi biki ranar haihuwarsa, 'yar Hirudiya ta yi rawa, ya rantse a gaban manyan baƙinsa zai ba ta duk abin da ta roƙa, ta roƙi kan Yahaya Maibaftisma. Markus ya ce sarkin ya zama perilupos. Ba na ɗaukar wannan a matsayin baƙin cikin munafunci, domin Markus ya riga ya gaya mana Hirudus yana jin tsoron Yahaya, ya san shi adali ne, yana ma jin daɗin sauraronsa. Abin ya taɓa shi ƙwarai. Amma saboda rantsuwarsa da idon baƙi bai iya ƙin ta ba, nan take ya aiki dogari. Kunyar mutane ta rinjayi ciwon zuciyarsa.

Na biyu shugaban nan mai dukiya ne a Luka 18:23, wanda ya zo yana tambayar hanyar rai madawwami. Da aka ce ya sayar da abin da yake da shi ya raba wa matalauta, sai ya zama perilupos, domin shi mai arziki ne ƙwarai. Shi ma ciwon gaskiya ne, na mutumin da yake son abu biyu ya ga ɗaya kaɗai zai iya riƙewa.

In muka koma Tsohon Alkawari na Helenanci, wato fassarar da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, wadda ake kira Sabtuwajinta, akwai wani mutum na uku. A Farawa 4:6 Allah ya tambayi Kayinu: don me ka zama perilupos, don me fuskarka ta faɗi? A nan Bahaushe ya fi mai karatu da wasu harsuna sa'a, domin a Ibrananci kalmar da ke wurin ta ƙunar fushi ce, masu fassara suka juya ta da kalmar baƙin ciki, kuma mu mun san yadda abubuwan biyu suke zama a tukunya ɗaya. Ɓacin rai a bakinmu yana ɗaukar fushi, yana ɗaukar damuwa. Baƙin ciki kuma, ban da na rashi, shi ne sunan da muke ba hassada: wane yana baƙin ciki da ci gaban wane, ɗan baƙin ciki ne. Kayinu ɗan baƙin ciki ne ta fuska biyun. Helenawa ma haka suka gan shi, masaninsu Aristotal ya bayyana hassada a matsayin wani irin lupe da mutum yake ji don alherin da ya sami tsaransa.

To ga inda nake so ki tsaya. Kalma ɗaya ce aka yi wa Kayinu, da Hirudus, da mai dukiya, da Ubangiji Yesu. Marubutan Linjila ba su nemo wa Yesu wata tsarkakakkiyar kalma ta dabam ba, wadda za ta nuna nasa baƙin cikin na musamman ne, mai sauƙi, wanda bai kai ciki ba. Sun ba shi wadda suke ba kowane ɗan Adam da abu ya fi ƙarfin zuciyarsa. Kalmar ita kanta ba yabo ba ce, ba zargi ba ce. Tana auna nauyin abin ne kawai. Mutanen huɗu sun rabu a inda kowa ya nufa da nauyinsa: Kayinu ya nufi saura da ɗan'uwansa, Hirudus ya aiki dogari, mai dukiya ya zaɓi dukiyarsa, Yesu ya ɗan yi gaba kaɗan ya faɗi ƙasa ya ce Abba, wato Uba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Jimlar da Yesu ya faɗa ba sabuwa ba ce. A Zabura 42:5, da 42:11, da 43:5, akwai amshi guda da yake dawowa sau uku, inda mai zabura yake magana da ransa. A Ibrananci cewa yake, don me ka sunkuya, ya raina. A fassarar Helenanci, inda lambar zaburorin take 41 da 42, an rubuta hina ti perilupos ei psuke: don me kake baƙin ciki matuƙa, ya rai, don me kake tayar mini da hankali? Perilupos da psuke, wato rai, kalmomin nan biyu tare, su ne a bakin Yesu a Getsamani. Yesu da Aramanci yake magana da almajiransa, kalmar Abba da Markus ya bari yadda take shaida ce, saboda haka Helenancin da muke karantawa shi ma fassara ne. Amma wanda ya fassara ya zaɓi lafazin da duk mai karanta Zabura da Helenanci zai gane nan da nan.

Ki karanta Zabura 42 da wannan a ranki. Mutumin da ke magana a ciki ba kafiri ba ne, ba kuma mai ja da baya ba. Shi ne mai cewa ransa yana marmarin Allah kamar yadda barewa take marmarin ruwa. Shi ne dai mai cewa hawayensa sun zama abincinsa dare da rana, mutane suna ta ce masa ina Allahnka. Yana tuna lokacin da yake jagorantar taro zuwa Haikali da sowa. Yana ce wa Allah, wanda ya kira dutsensa, don me ka manta da ni? Ƙishin Allah da hawayen suna cikin waƙa ɗaya, daga baki ɗaya, kuma Isra'ila ta sa ta cikin littafin sujadarta. Amshin yana ƙarewa da sa zuciya ga Allah, gama zan sāke yabonsa. Amma ki lura, faɗarsa sau ɗaya bai isa ba. Bayan ya ƙarfafa kansa a aya ta 5, a aya ta 6 ya sāke cewa ransa ya karai. Sai da ya maimaita har sau uku. Yesu ma sau uku ya koma addu'a a daren nan. Ba zan ce lissafin da gangan aka daidaita shi ba, amma duk wanda ya taɓa yin rashi ya san abin da ake nufi: ka sami sauƙi da safe, da yamma abin ya dawo sabo.

Yahaya bai ba da labarin addu'ar Getsamani ba, amma a 12:27 ya kawo Yesu yana cewa yanzu raina ya tayu, da kalmar tarasso, wadda ita ce tushen kalma ta biyu a amshin zaburar nan. Markus da Matiyu sun ɗauki rabin layin, Yahaya ya ɗauki ɗaya rabin.

Sai heos tanatu, har ga mutuwa. An fahimce shi hanya uku. Wasu sun ce baƙin cikin ya yi nauyin da zai iya kashe mutum. Wasu sun ce ya kai inda mutum zai gwammace mutuwa, suna dogara da Yunusa 4:9, inda Helenancin ya sa annabin yana cewa na yi baƙin ciki ƙwarai har ga mutuwa, bayan ya roƙi mutuwa a fili. Jerom kuwa, ɗaya daga cikin iyayen ikilisiya, a sharhinsa na Matiyu wajen shekara ta 398, ya ɗauke shi a matsayin lokaci: baƙin cikin zai daɗe har zuwa mutuwa, ba don mutuwar ba ne. Ni na farkon nake bi. Haka muke magana mu ma, kamar raina zai fita, kamar in mutu. Littafin Sirak, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika, ya yi amfani da lafazin a 37:2 game da aboki da ya juya ya zama maƙiyi, ya ce wannan baƙin ciki ne har ga mutuwa. A daren da Yahuza yake tafe da masu takuba da kulake, ayar tana da nauyi.

Perilupos ba ita kaɗai take a wurin ba. Kafin Yesu ya buɗe baki, Markus 14:33 ya kwatanta shi da kalmomi biyu masu ƙarfi. Ɗaya ektambeomai ce, wadda a Sabon Alkawari Markus kaɗai yake amfani da ita. Ita ce ya yi wa matan da suka shiga kabari suka tarar da saurayi da farar tufa. Razana ce, firgita irin ta wanda ya yi arba da abin da ya fi ƙarfinsa. Matiyu ya sa kalmar baƙin ciki a gurbinta. Ta biyun, wadda su biyu suka riƙe, ademoneo ce. Za ki ji ana cewa asalinta rashin gida ne, wato jin baƙunta, amma masana ba su yarda da juna kan wannan asali ba, kuma ba na gina koyarwa a kai. Amfaninta ya isa. Sau uku kawai ta fito, na ukun a Filibiyawa 2:26, inda Bulus yake maganar Abafaroditus, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, ya shiga damuwa don mutanen Filibi sun ji labarin ciwonsa. Hali ne na wanda ya kasa zaune ya kasa tsaye, hankalinsa ya rabu. Da Hausa zan ce juyayi, ko zullumi. In perilupos nauyi ne da ke danne mutum, ademoneo rashin sukuni ne da ke hana shi zama wuri ɗaya.

Luka ya bi wata hanya. Bai kawo jimlar perilupos ba sam. A wurinsa Yesu durƙusawa ya yi, almajiran ne aka tarar suna barci saboda lupe. Kalmar da ya ba Yesu a 22:44 agoniya ce, daga agon, wato gasa ko kokawa, halin ɗan kokawa da ya tattara dukan ƙarfinsa kafin a kara. Nan ne aka ce zufarsa ta zama kamar ɗigon jini, kuma kalmar kamar tana cikin Helenancin, kwatanci ne. Ayoyi 43 da 44 babu su a wasu tsofaffin kwafe, irin su Papirus 75 da kundin Batikan na ƙarni na 4, amma marubutan ikilisiyar farko Jastin Shahidi da Ireniyus sun san labarin tun ƙarni na 2.

Maganar da aka yi miki a zumunta tana da tsohon tarihi, ko da mai faɗarta ba ta sani ba. Sitokiyawa, masu ilimin nan da Bulus ya yi muhawara da su a Atina cikin Ayyukan Manzanni 17:18, suna lissafa lupe cikin manyan cututtukan rai guda huɗu, tare da tsoro da kwaɗayi da jin daɗi marar kan gado. A koyarwarsu mai hikima ba ya yin lupe. Gwarzon Helenawa shi ne Sokratis, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu, ya sha dafin hankalinsa kwance, har yana tsawata wa abokansa don suna kuka. Da wannan ma'auni wani mai sukar Kiristanci da ake kira Kelsus, a ƙarshen ƙarni na 2, ya yi wa Yesu ba'a: in shi Allah ne, don me yake kuka yana roƙon a ɗauke masa ƙoƙon? Malamin ikilisiya Orijin ya amsa masa wajen shekara ta 248. Amma sukar ta yi tasiri, har wasu iyayen ikilisiya suka riƙa neman rage wa ayar kaifi. Jerom ya kama kalmar ya fara, a cikin ya fara baƙin ciki, ya ce somin abin ne kawai ya taɓa Yesu, bai mamaye shi ba. Ya kuma ce baƙin cikin don Yahuza ne, da tuntuɓen manzanni, da abin da zai sami Urushalima.

Ina girmama Jerom, mutum ne da ya ba da ransa ga nassi. Amma a nan ban bi shi ba. Markus yana yawan cewa ya fara kaza, ya fara koyarwa, ya fara wa'azi, salon bakinsa ne, ba ya nufin an tsaya a somi. Kuma abin da Yesu ya roƙa a fili yake, a ɗauke masa ƙoƙon, wato abin da ke gabansa shi kansa. Ibraniyawa 5:7 ba ta ɓoye kome ba: ya miƙa addu'o'i da roƙe-roƙe da kuka mai ƙarfi da hawaye ga wanda yake da ikon cetonsa daga mutuwa. Wasiƙar nan ce kuma a 4:15 ta ce an gwada shi ta kowace hanya kamarmu, amma bai yi zunubi ba. In aka haɗa ayoyin biyu, hukuncin ya fito da kansa. Wanda bai taɓa zunubi ba ya yi perilupos har ga mutuwa, saboda haka nauyin baƙin ciki shi kaɗai ba zai zama zunubi ko raunin bangaskiya ba.

Wataƙila 'yar'uwar tana tunanin 1 Tasalonikawa 4:13. Bulus bai ce kada ku yi baƙin ciki ya tsaya ba, cewa ya yi kada ku yi shi kamar sauran da ba su da bege. Shi da kansa, a Filibiyawa 2:27, ya ce da Abafaroditus ya mutu da ya sami lupe a kan lupe. Manzon da ya ce mutuwa riba ce a gare shi, a wasiƙar nan dai, shi ne yake gode wa Allah da ya raba shi da makokin abokinsa.

Mu mutane ne masu daraja haƙuri da dauriya, kuma abu ne mai kyau. Kalmar farko da muke kai wa gidan rasuwa ita ce a yi haƙuri. Sai dai wani lokaci mukan mai da haƙuri ya zama kada a gani, kada a ji, har mai makoki ya koma ɓoye hawayensa don kada a ce bai dogara ga Allah ba. Yesu bai ɓoye ba. Ya ɗebi Bitrus da Yakubu da Yahaya, mutanen da suka ga ɗaukakarsa a kan dutse, ya gaya musu da bakinsa halin da ransa yake ciki, sa'an nan ya roƙe su abu ɗaya: ku zauna nan, ku yi tsaro. Matiyu ya ƙara kalmomi biyu da Markus bai kawo ba, met emu, tare da ni. Bai nemi su yi masa bayani ko wa'azi ba. Zaman makokinmu ya san wannan, shi ya sa ake zuwa a shimfiɗa tabarma a zauna ko ba a ce kome ba. Matsalar ita ce bayan kwana bakwai tabarmi sukan naɗe, wata na biyar kuwa mutum shi kaɗai yake cinsa.

Don haka ki nemi mutum biyu ko uku da za ki iya gaya wa gaskiyar halin da kike ciki, kamar yadda ya yi. In kuma abin ya kai ba kya iya cin abinci ko barci na tsawon makonni, ko tunanin rabuwa da rai yana zuwar miki, ki gaya wa fastonki, ki kuma ga likita ba tare da jinkiri ba, domin baƙin ciki yakan zama ciwon da ake yi wa magani. Ita kuma 'yar'uwar, in kin sami sukuni wata rana, ku buɗe Markus 14 daga aya ta 32 ku karanta tare, sa'an nan ku juya zuwa Zabura 42. Ina tsammani da kyakkyawar niyya ta yi maganar, kuma mai yiwuwa ne ta zama ɗaya daga cikin masu zama tare da ke.

A gaida yara. Ina sa ku cikin addu'a.